Kuɗin Jiha, Ƙungiyoyin Ma'aikata da Lafiyar Masu Saye: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda gwamnatocin jihohi ke tara kuɗi da kashe su, da matsayin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati a cikin wannan rabo, da kuma abin da ke saura a ƙarshe domin kare mutumin da ya sayi magani ko ya buɗe famfo ya sha ruwa. An ɗauko misalai daga ƙasashen da ke bin tsarin tarayya, kamar Amurka da Najeriya da Indiya da Jamus da Barazil, saboda matsalolin suna kama da juna duk da bambancin arziki.

Me ya sa za a damu da siyasar jiha alhali manyan shawarwari a hannun gwamnatin tarayya suke?

Saboda yawancin abin da mutum ke gani na gwamnati a rayuwarsa daga jiha yake fitowa. Makarantar da yaro ke zuwa, asibitin da mace ke haihuwa, izinin gina bene, tsabtar mayanka, ruwan sha, duk ko dai jiha ce ke gudanar da su ko kuma ƙananan hukumomin da ke ƙarƙashin dokokinta. A Jamus jihohi 16 ne ke riƙe da harkar makarantu da mafi yawan aikin 'yan sanda. A Amurka jihohi 50 kowace tana da kundin tsarin mulkinta da kotunanta da tsarin harajinta. A Najeriya jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 suna karɓar kusan rabin kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya. Duk da haka zaɓen shugaban ƙasa ne ke ɗauke hankalin jama'a da na 'yan jarida, har ta kai mutum ya san sunayen ministoci amma bai san wanda ke wakiltarsa a majalisar dokokin jiha ba. Wannan rashin sa ido ya fi amfanar gwamnoni fiye da kowa, domin sau da yawa majalisar da ya kamata ta binciki gwamna kan koma 'yar amshin shata ba tare da wani ya lura ba.

Daga ina jihohi ke samun kuɗi, kuma wane tasiri tushen kuɗin ke da shi?

Hanyoyi uku ne: harajin da jiha ta tara da kanta, kason da take samu daga gwamnatin tsakiya, sai bashi. A Najeriya tsarin rabon da ake bi ya ba gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo ma'adinai a cikinsu. Jihohi ƙalilan ne, Legas a kan gaba, ke iya ɗaukar nauyin mafi yawan hidimominsu da kuɗin shiga na cikin gida. Sauran sai sun jira zaman kwamitin rabon kuɗi na kowane wata. A Indiya jihohi sun sadaukar da babban ɓangare na ikonsu na sanya haraji lokacin da aka shigo da harajin kaya da hidimomi na bai ɗaya a watan Yulin 2017, aka yi musu alƙawarin diyya ta shekara biyar.

Tushen kuɗin yana tsara halin mai mulki. Gwamnan da albashin ma'aikatansa ya dogara ga harajin 'yan kasuwar jiharsa dole ya damu da ko kasuwancinsu na tafiya, kuma masu biyan harajin suna jin suna da bakin tambaya. Wanda kuɗinsa ke zuwa daga babban birnin ƙasa ko ya yi aiki ko bai yi ba, ba ya jin wannan matsi, talakawansa kuma sukan ɗauki duk abin da ya yi musu a matsayin alheri daga aljihunsa.

Akwai kuma masu ganin rage haraji kaɗai zai tilasta wa gwamnati tsimi. Jihar Kansas ta Amurka ta gwada haka a 2012 a zamanin Gwamna Sam Brownback, inda aka zabtare harajin kuɗin shiga da fatan tattalin arziki zai bunƙasa ya cike giɓin. Giɓin bai cike ba, aka riƙa yanke kuɗin hanyoyi da na makarantu, har a 2017 majalisar jihar, wadda jam'iyyar gwamnan ke da rinjaye a cikinta, ta soke mafi yawan ragin duk da ƙin amincewarsa.

Kasafin kuɗin da gwamna ya karanta a gaban majalisa shi ne abin da ake kashewa?

Ba lallai ba ne, kuma a nan ne aka fi ruɗin jama'a. Kasafi ƙiyasi ne da kuma izinin kashewa. Abin da aka kashe a zahiri sai an duba rahoton aiwatar da kasafi da kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha. Idan mutum ya buɗe irin wannan rahoto zai ga layi uku a gaban kowace ma'aikata: abin da aka ware, abin da aka saki, da abin da ya rage. Ba abin mamaki ba ne ka ga an ware wa ma'aikatar lafiya kaso mai tsoka wanda aka yi ta yayatawa a rediyo ranar gabatar da kasafi, sannan a ƙarshen shekara ka tarar kuɗin manyan ayyukanta ko rabi ba a saki ba, alhali ofishin gwamna da tafiye-tafiye da sayen motoci sun cinye nasu kason har an ƙara musu ta hanyar ƙwarya-ƙwaryar kasafi.

Dabarar da aka saba ita ce kumbura ƙiyasin kuɗin shiga. A rubuta cewa za a tara abin da kowa ya san ba za a iya tarawa ba, domin kasafin ya yi girma kuma kowane ɗan majalisa ya ga aikin mazaɓarsa a ciki. Da kuɗin suka gaza, sai zaɓin abin da za a biya da abin da za a jinkirta ya koma hannun gwamna da kwamishinan kuɗi su kaɗai, wato ikon da tsarin mulki ya ba majalisa ya suɓuce mata ba tare da an karya wata doka ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 125, ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan akanta janar, amma rahoton da kwamitin kula da asusun gwamnati bai zauna a kansa ba, takarda ce kawai. An ɗan samu ci gaba tun 2018, lokacin da wani shiri na Bankin Duniya ya riƙa ba jihohin Najeriya tallafi bisa sharaɗin su wallafa kasafinsu da rahotanninsu a intanet, kuma yawancinsu sun yi. Abin da ya rage shi ne masu karantawa.

Ashe ba jihar da ta fi kashe kuɗi a kan manyan ayyuka ce ta fi kyawun shugabanci ba?

Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi har ya zama kamar ƙa'ida, kuma a ganina yana ɓatar da mutane. Gaskiya ne jihar da albashi da hidimar ofis suka lashe duk kuɗinta ba za ta ci gaba ba. Amma albashin malami da na ungozoma, da kuɗin magani, da man janareto na asibiti, da kayan gwaji a ɗakin bincike, duk a ɓangaren kuɗin yau da kullum ake lissafa su. Asibitin da aka gina aka ƙaddamar da kiɗa da tutoci, sannan aka bar shi ba likita, a takarda babban aiki ne. 'Yan siyasa sun fi son gadar sama da sabon gini saboda ana ganinsu, ana iya liƙa musu suna, kuma a kwangila ne ake samun damar aringizo. Gyaran abin da ake da shi ba ya kawo biki, shi ya sa ake barinsa har ya lalace a sake ba da kwangilar sabo.

Jiha tana iya tsiyacewa kamar kamfani?

A Amurka doka ba ta ba jiha damar zuwa kotu ta bayyana fatara ba, amma birane suna iyawa, kuma birnin Detroit ya yi haka a watan Yulin 2013 da bashin kimanin dala biliyan 18. Kusan duk jihohin ƙasar, ban da Vermont, suna da wata ƙa'ida ta daidaita kasafi, don haka idan kuɗi suka gaza sai yanke hidimomi. A Barazil jihar Rio de Janeiro ta ayyana dokar ta-ɓaci ta kuɗi a watan Yunin 2016, ana saura makonni a buɗe wasannin Olamfik, ma'aikata da 'yan fansho suka riƙa karɓar haƙƙinsu a makare. A Najeriya, bayan farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014, jihohi da dama sun tara bashin albashin watanni, har gwamnatin tarayya ta kawo musu ɗauki da rance a 2015. Jiha ba ta rufe ƙofa kamar shago, amma tana daina biyan waɗanda ba su da ƙarfin tilasta mata: tsofaffin ma'aikata, ƙananan 'yan kwangila da hukumomin da ba a jin muryarsu.

Da me ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta bambanta da ta ma'aikatan kamfani?

A kamfani, ƙungiya na ciniki da mai dukiya a kan riba, kuma kowane ɓangare ya san cewa idan aka wuce gona da iri kamfanin zai durƙushe kowa ya rasa. A gwamnati wanda ke zaune a ɗaya gefen tebur ba kuɗinsa yake bayarwa ba, kuma yana bukatar ƙuri'un mutanen da yake ciniki da su. Masu sukar waɗannan ƙungiyoyi suna cewa hakan na sa ɗan siyasa ya yi alƙawarin da ba shi zai biya ba, musamman na fansho, wanda nauyinsa zai faɗa kan gwamnatin da za ta zo bayan shekara ashirin. Wannan suka tana da tushe, kuma ko Shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wanda aka sani da goyon bayan 'yan ƙwadago, ya nuna a wata wasiƙa ta 1937 cewa bai ga yadda cinikin albashi irin na kamfani zai dace da aikin gwamnati ba.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da masu sukar kan tsallake. Gwamnati ba kamar sauran masu ɗaukar aiki ba ce, domin ita ke yin doka, ita ke da 'yan sanda, kuma a fannoni da yawa ita kaɗai ce mai ɗaukar aikin. Malamin firamare da aka riƙe wa albashin wata huɗu, ko aka mayar da shi wani ƙauye mai nisa saboda ana zargin bai zaɓi jam'iyya mai mulki ba, ba shi da wurin kai kuka in ba ƙungiyarsa ba. Yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 87 ta 1948 da mai lamba 151 ta 1978 sun amince da 'yancin ma'aikata, har da na gwamnati, su kafa ƙungiya su kare muradunsu. A ƙasashen da majalisu suka yi rauni, ƙungiyar ƙwadago kan zama ita kaɗai ce ke iya tsayawa ta tambayi gwamna inda kuɗi suka shiga.

Ya dace likitoci da malamai su riƙa yajin aiki, tunda talaka ne ke shan wahala?

Babu mai musun cewa wahalar yajin aikin gwamnati kan talaka take sauka. Gwamna ba ya kwanciya a asibitin gwamnati, 'ya'yansa kuma ba sa cikin ɗaliban da suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022. Ƙasashe sun ɗauki hanyoyi daban-daban. A Jamus ma'aikatan da ke da matsayin jami'an gwamnati na dindindin ba su da ikon yajin aiki, kuma kotun tsarin mulki ta tabbatar da haka a watan Yunin 2018 a ƙarar da wasu malamai suka shigar, amma a madadin haka doka ta ɗora wa gwamnati nauyin biyansu albashin da ya dace da kuma tabbacin aiki na har abada. A Amurka Shugaba Ronald Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 a 1981 saboda yajin aikin da doka ta hana. A Najeriya sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ya tanadi tsarin ba aiki, ba albashi.

Abin lura a misalin Jamus shi ne hanin yana tafiya da sakayya. Gwamnatin da ke son hana yajin aiki a asibiti dole ta samar da hukumar sasantawa mai zaman kanta wadda hukuncinta ke hawa kan gwamnatin ita ma. Inda ake sa hannu a yarjejeniya a ƙi cikawa, har ma'aikata su fahimci cewa ba a sauraronsu sai sun rufe ƙofa, gwamnati ce da kanta ta koya musu yajin aiki. Su ma shugabannin ƙungiyoyi suna da hakki a wuyansu: barin sashen gaggawa da ɗakin haihuwa a buɗe ba ya rage ƙarfin yaji, kuma yana hana jama'a juya musu baya. Malaman jihar West Virginia ta Amurka sun rufe makarantu na kwana tara a 2018 suka samu ƙarin kashi 5 cikin ɗari, kuma daga cikin abin da ya jawo musu goyon bayan iyaye har da yadda suka shirya wa yaran da suka dogara ga abincin makaranta abin da za su ci a kwanakin.

Me ke faruwa idan jiha ta karya ƙarfin ƙungiyoyin?

Jihar Wisconsin ta Amurka ce misalin da aka fi nazari, kuma ita ce jihar da ta fara ba ma'aikatan ƙananan hukumomi 'yancin cinikin albashi a 1959. A 2011 Gwamna Scott Walker ya kawo dokar da ta taƙaita cinikin ga ainihin albashi kaɗai, ta hana ƙarin da ya wuce hauhawar farashi sai da ƙuri'ar jama'a, ta daina cire kuɗin ƙungiya daga albashi, ta kuma wajabta wa kowace ƙungiya sabunta amincewar mambobinta duk shekara. An keɓe 'yan sanda da 'yan kwana-kwana daga dokar. Sanatocin adawa 14 suka fice zuwa jihar Illinois domin hana majalisa cika adadin zama, dubban mutane suka mamaye ginin majalisar, amma dokar ta wuce, kuma gwamnan ya tsallake ƙuri'ar kiranye a 2012. Jihar ta rage kashe kuɗi saboda ma'aikata sun koma biyan kaso mafi girma na fanshonsu da inshorar lafiyarsu, wato a aljihunsu aka yi tsimin, kuma yawan 'yan ƙungiya ya ragu ƙwarai. A ƙarshen 2024 wani alƙali a jihar ya soke yawancin sassan dokar saboda wancan bambanci da aka nuna tsakanin ma'aikata, aka ɗaukaka ƙara.

A matakin ƙasa kuma, Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Janus ta watan Yunin 2018, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta hana tilasta wa ma'aikacin gwamnati da ba ɗan ƙungiya ba biyan kuɗin wakilci, abin da ta halatta tun 1977.

Ya kamata kowace jiha ta tsayar da nata mafi ƙarancin albashi?

A Najeriya wannan batu yana cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma adadin ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Gwamnoni kan ce arzikin jihohi ba ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC kan amsa cewa albashin gwamnoni da na 'yan majalisa bai bambanta da arzikin jiha ba, don haka bai kamata a fara bambanci a kan masinja ba. A Amurka akwai adadin tarayya a matsayin ƙasan ƙasa, jihohi kuma suna iya haurawa sama. Wannan tsari ya fi kusa da adalci, matuƙar jihar da ta ce ba za ta iya biya ba za ta buɗe littafinta a ga yawan ma'aikatan bogi da masu ba da shawara na musamman da take ɗauke da su. Barazil ta bi wata hanyar, inda dokar 2000 ta hana jiha kashe fiye da kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shigarta a kan ma'aikata.

Me ya sa fansho ke zama rikici a kusan kowace jiha?

Saboda shi ne bashin da ya fi sauƙin ɓoyewa. Gwamnati na iya ƙin zuba kasonta a asusun fansho na shekaru ba tare da wani ya ji a jikinsa nan take ba. Jihar Illinois ta daɗe tana haka, kuma da ta yi yunƙurin rage alƙawuran a 2013, kotun ƙolin jihar ta soke dokar a 2015 saboda tsarin mulkin jihar ya hana tauye fansho. A Detroit tsofaffin ma'aikatan birni sun yi asarar kashi 4.5 cikin ɗari na fanshonsu da kuma ƙarin da ake yi musu saboda tsadar rayuwa. Najeriya ta koma tsarin karo-karo da dokar 2004, aka sabunta ta a 2014 inda ma'aikaci ke ba da kashi 8 mai ɗaukar aiki kashi 10, amma kowace jiha sai ta yi tata dokar, kuma wasu na cire kason ma'aikaci su ƙi miƙa shi. Abin takaici shi ne a daidai lokacin da tsoho ke bin layin tantancewa yana jiran garatutinsa na shekaru, jihohi da dama sun yi dokokin ba tsofaffin gwamnoni fansho da gidaje da motoci. Zamfara ta soke tata a 2019, Imo a 2020.

Mene ne haɗin duk wannan da lafiyar masu sayen kaya?

Idan aka gama biyan albashi da bashi da kwangilolin da gwamna ke son ƙaddamarwa kafin zaɓe, abin da ake fara matsewa shi ne aikin da ba a gani: duba-gari, masu gwajin ruwa, masu duba mayanka, injiniyoyin da ke duba gini, masu binciken shagunan magani. Idan sun yi aikinsu da kyau babu abin da ke faruwa, saboda haka babu wanda ke yaba musu, kuma ba su da yawan da zai sa yajin aikinsu ya girgiza kowa.

Birnin Flint na jihar Michigan a Amurka ya nuna inda wannan ke kaiwa. Birnin na cikin matsin kuɗi, jihar ta naɗa masa manajan gaggawa wanda ikonsa ya ɗara na zaɓaɓɓun shugabanni, kuma domin tsimi aka sauya tushen ruwan sha zuwa Kogin Flint a watan Afrilun 2014. Hukumar muhalli ta jihar ba ta tilasta zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, duk da kuɗinsa ƙalilan ne. Ruwan ya riƙa zaizayar tsofaffin bututun dalma yana kai gubar cikin gidaje. Mazauna suka riƙa zuwa taro da gorunan ruwa mai launin ƙasa-ƙasa suna nunawa, jami'ai suna ce musu lafiya lau ne. A watan Oktoban 2014 masana'antar General Motors da ke birnin ta daina amfani da ruwan saboda yana sa sassan inji tsatsa, amma mutane suka ci gaba da sha har shekara guda bayan haka. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yara a watan Satumban 2015 kafin aka koma tsohon tushen ruwa. Cutar huhu da aka danganta da ruwan ta kashe aƙalla mutum 12, kuma a 2020 jihar ta amince ta biya diyyar dala miliyan 600, ban da kuɗin sauya bututu. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro kuwa ba ta warkewa.

Ba hukumomin tarayya ne ke da alhakin ingancin abinci da magunguna ba?

Su ke yin rajista da kafa ma'auni, amma ba su da ma'aikatan da za su shiga kowace kasuwa. A Indiya hukumomin jihohi ne ke ba masana'antun magani lasisi. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan magungunan tari guda huɗu na wani kamfani a jihar Haryana, waɗanda aka danganta da mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya. Bayan gargaɗin ne masu bincike suka shiga masana'antar suka dakatar da aikinta, kuma daga watan Yunin 2023 Indiya ta wajabta gwada maganin tari a ɗakunan binciken gwamnati kafin fitar da shi waje. Gubar da aka samu a magungunan, dayetilin gilaikol, tsohuwar sananniya ce. Ita ce ta kashe mutum sama da 100 a Amurka a 1937, abin da ya haifar da dokar abinci da magunguna ta 1938, kuma ita ce aka samu a maganin fitowar haƙori na My Pikin wanda ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Gwajin gano ta sananne ne, abin da ake rasawa shi ne wanda zai yi shi a kan lokaci.

A Amurka ma wani kantin harhaɗa magunguna a jihar Massachusetts, wanda ke ƙarƙashin kulawar hukumar jihar, ya rarraba allurai masu gurɓata a 2012, mutum sama da 750 suka kamu da ciwo, 64 suka mutu. A Najeriya akwai hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC tun 1993, da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, amma duba gini aikin jiha ne, kuma benen mai hawa 21 da ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40.

Yawan dokoki ba zai takura wa ƙananan 'yan kasuwa ba?

Yana iya takurawa, kuma doka marar kan gado tana da tata illa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar 1986 da ta wajabta gargaɗi a kan kayan da ke ɗauke da sinadarai masu haɗari, gargaɗin ya yawaita a kan kaya da gine-gine har mutane da yawa suka daina karanta shi. Mafi muni shi ne inda aka mayar da hukumar bincike ta zama hanyar tara kuɗin shiga, jami'i ya zo shago ya karɓi kuɗin takarda ko na goro ya tafi bai duba komai ba. Mai gaskiya ne ke cutuwa a irin wannan tsari, domin mai jabun kaya ya fi shi iya biya. Abin da ake bukata shi ne 'yan ƙa'idoji a kan abin da ke kisa, da jami'ai masu albashi da abin hawa da kayan gwaji, da hukuncin da ba ya tsallake abokin gwamna.

Me ɗan jiha zai duba idan yana son sanin gaskiyar yadda ake sarrafa kuɗinsa?

Ya fara da rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, ya kwatanta abin da aka saki wa lafiya da ilimi da ruwa da abin da aka saki wa gidan gwamnati. Ya duba nawa ake cirewa na biyan bashi kafin kason jiha ya iso, da kuma nawa jihar ta amince tsofaffin ma'aikata na binta. Ya nemi layin hukumar duba-gari da ta duba gine-gine da ɗakin gwajin ruwa, ya ga ko an saki musu wani abu bayan albashi. Ya karanta rahoton babban mai binciken kuɗi, musamman sashen kuɗin da aka fitar ba tare da takardar shaida ba, sannan ya tambayi ɗan majalisarsa ranar da kwamiti ya zauna a kai. A Najeriya dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa bukatar da aka rubuto mata, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ana iya yin irin waɗannan tambayoyi ga shugaban ƙaramar hukuma. Ɗan ƙungiyar ƙwadago kuma yana da damar neman shugabanninsa su sanya cike guraben masu bincike da kayan aikinsu a cikin bukatun da suke kai wa gwamnati, tare da batun albashi da ƙarin girma.